Kututturen ɗanya mai tsaga

"Maigida, kututturen ɗanyar nan da iska ta kayar a farkon damina, na ga ya tsage daga tsakiya, ga kuma hujin ƙwaro a gefe guda. Akushi zai fita a cikinsa, ko in kai wa mai ƙosai ta hura wuta?"

Kai yaro, ajiye gatarin nan tukuna. Mirgino shi in gani.

Wannan tsagar da ta ba ka tsoro ita ce mai sauƙin. Duba, daga cibiyar icen ta taso ta nufi ɓawo. Duk icen da aka bari ya bushe da cibiyarsa haka yake yi, domin bayansa na riga cikinsa bushewa, ya tsuke, dole wani wuri ya buɗe. Da ma a nan za mu raba shi. Sa zarto ka bi tsagar, ka fid da cibiyar nan gaba ɗaya ka yar, kowane ɓari ya ba mu akushi guda. Bakin akushin ya kalli inda cibiya take, gindinsa ya kalli ɓawo.

Wadda nake tsoro ita ce tsagar da ke zagayawa tana bin zoben ice, tana ɗagowa kamar ɓawon albasa. Sau da yawa ido ba ya ganin ta. Ɗauki ƙotar gizago ka ƙwanƙwasa ko'ina, ka kasa kunne. Lafiyayyen ice amsawa yake ƙwal-ƙwal. Mai ɓoyayyar tsaga kuwa sai ka ji kamar fasasshen tulu. Irin wannan ba ya hawa injina mai juya ice ana sassaƙa, ko wa ya kawo shi. Ɗaga kanka, ka ga lotsawar can a jikin kwanon rufi? Ɓarin maɗaci ne da na yi wa gardama shekarun baya. Ya rabu yana cikin juyawa, ya wuce ta gefen kunnena. Shi ya sa nake ta maka faɗa ka tsaya a gefe idan za ka kunna inji, ka kuma fara a hankali.

Hujin ƙwaro kuwa, sassabe wurin da gizago. Galibi a farin icen da ke ƙarƙashin ɓawo suke tsayawa, kuma wannan zai tafi a aski. In ka ga sabon gari na zubowa, mai gidan na ciki, sai ka bi shi har ka fid da shi. Kada in ga ka zuba fiya-fiya. Tuwo za a ci a ciki.

Ɗanya ba ƙirya ba ce, tana da laushi, cizal, wato ƙarfen sassaƙa, zai shige ta kamar sabulu, har ka ji sha'awar gamawa yau. Kul. Icen da sauran ruwa a jikinsa. In faɗin bakin inci 10 ne, bar kaurin inci 1 ko'ina, gindi da gefe daidai wa daida, don su bushe tare. Sai ka tura shi cikin buhu da ɓarɓashin da ya fita daga jikinsa, ka kai ƙuryar ɗaki inda iskar hunturu ba ta kaiwa. Hunturu na iya tsaga ɗanyen akushi a dare ɗaya. Bayan wasu watanni za ka same shi ya karkace kamar ƙwai. Kaurin nan da ka bari shi zai ba ka damar mayar da shi kan inji ka daidaita. Daga nan sai ƙuna da ƙarfe mai zafi ya yi baƙi, a shafe da man kaɗe.

In ƙaramar tsaga ta ɓullo a baki, a cike da garin katako da gam, amma ka faɗa wa mai saye na zuba goro ne ko dabino. Miya na shiga tsaga ta ruɓe a ciki.

Wancan guntun darbejiyar da ka jingine a bakin ƙofa fa, daga ina? In na bakin titi ne, lalube shi da kyau kafin zartona ya taɓa shi, mutane ƙusa suke bugawa su rataya kaya, icen ya haɗiye ta.