Sunan ruwan roba: kada a buga takarda kafin a yi bincike

Tambaya: Assalamu alaikum. Na haƙa rijiyar burtsatse, injina sun iso, na kuma yi wa kamfanina rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni. Zan fara da robar 75cl. Wane irin suna ya dace, kuma rajistar da na yi ta isa ta kare shi? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Alhaji, Allah ya sa albarka. Rajistar CAC ba ta isa ba. Sunan kamfani kawai take karewa. Sunan da ke jikin roba sai an kai shi ofishin rajistar tambarin kasuwanci da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari a Abuja, a rukuni na 32, inda ruwan sha da lemo suke.

Ka tanadi sunaye 3 zuwa 5, lauya ko wakili ya bincika ko an riga ka. Wanda ya tsira a shigar da shi, a karɓo takardar amincewa. Daga nan za a buga shi a mujallar ofishin, a ba masu ƙorafi wata 2. Rajistar farko shekara 7 take yi, sabuntawa kuma shekara 14. NAFDAC ma za ta nemi shaidar tambarin kafin ta ba ka lamba.

A nan ne mutane ke tafka asara, kuma abin na damunmu ƙwarai: sai a biya kuɗin zane, a buga takardun liƙawa dubbai, sannan a ƙi sunan. Duk sun zama shara, haƙuri kawai za a ba ka.

Sunan kansa ya zama gajere, kada ya wuce gaɓa 3. Dubi Faro na Yola, da Swan da ake ɗurawa a Kerang ta Jihar Filato, da Eva: yaro mai talla a tasha zai kira su da numfashi ɗaya. Amma kada ka raɓe su. Sauya harafi ɗaya a sunan wani kiran ƙara ne a kotu.

Ka guji suna mai bayyana kaya kawai, irin "Ruwa Mai Tsabta", ko sunan gari tsurarsa, don da wuya a mallaka maka abin da kowa ke da haƙƙin faɗa. Haka suna mai nuna magani ko waraka. Ruwan burtsatse kuma kada a kira shi na marmaro, balle Zamzam. Yaudarar mai saye ce.

Sai rubutu. Boko ba ya nuna karin sauti, don haka "Fari" na iya zama launi, na iya zama rashin damina. Haruffan ƙ, ɗ da ɓ ba sa shiga sunan shafi a Instagram, dillalin Legas ma zai karanta su daban. Ka faɗa wa mutum 10 sunan ta waya, da Hausawa da waɗanda ba Hausawa ba, su rubuto maka. In uku suka kuskure, ɗauko na gaba a jerinka.