Amsa ga mai tambayar abin da zai ci a Biyetnam

Wa'alaikumus salam ƙanena. Na ga tambayarka, cewa maigidanka zai tura ka birnin Ho Chi Minh, a kudancin Biyetnam, kan harkar kashu, za ka yi 'yan makonni, an kuma tsorata ka cewa mutanen can kare da kwaɗo suke ci, har kana shawarar cika jaka da garin kwaki da Indomie. Na ga kuma wasu sun ce maka ka tsaya a kan burodi da shayi kawai. Ni sarin takalma da tufafi ne yake kai ni ƙasar, na kuma daɗe ina zuwa, don haka ga abin da na sani.

Kare ba shi ne matsalarka ba. Ana cin sa, an fi ci a arewacin ƙasar, amma shagunansa daban suke, da rubutu ƙarara a ƙofa, thit cho, kuma ba nama ne mai araha da za a ɓoye maka a cikin miya ba. Abin da zai wahalar da kai shi ne alade, domin shi ne naman yau da kullum a can, yana kuma shiga inda ba ka zato. Burodin nan da aka ba ka shawara ma yana cikin inda ya fi ɓuya. Turawan Faransa ne suka bar musu dogon burodi mai ɓawo, su kuma suka mayar da shi nasu, suna kiransa banh mi. Ana tsaga shi a shafa niƙaƙƙiyar hanta, a jera yankan nama, a zuba karas da aka jiƙa a ruwan tsami, da kokwamba da ganye da barkono. Hantar ta alade ce, naman ma haka. Har wanda za ka ce a soya maka ƙwai kawai a sa, mai sayarwa zai shafa hantar kafin ka ankara, don hannunsa ya saba. Akwai kuma wani abu da suke barbaɗawa a kan burodi da shinkafa mai danƙo, cha bong, wanda duk Bahaushen da ya gani zai ce dambun nama ne. Dambun ne kuwa, amma galibi na alade.

Akwai shahararrun abincinsu da za ka ji ana ta yabo, ka gan su da ido kawai. Com tam, tsakin shinkafa da gasasshen haƙarƙari, shi ne abincin ma'aikata a Saigon (tsohon sunan Ho Chi Minh ke nan, kuma har yau shi mutanen gari suka fi kira), haƙarƙarin na alade ne. Bun cha na Hanoi (babban birnin ƙasar, a arewa), wanda Obama ya zauna a kan 'yar kujerar roba ya ci a 2016 har duniya ta ɗauka, gasasshen alade ne tsundum a ruwan miya. Wanda ya fi yaudara shi ne bun bo Hue. Sunansa na cewa naman sa, da gaske kuma akwai naman sa a ciki, amma tare da ƙafar alade ake dafa romon, a kuma yanka daskararren jini a jefa. Haka nan naɗin nan na farin fallen shinkafa da ake hango jatan lande ta cikinsa, goi cuon, akwai siririn yankan alade kwance a bayan jatan landen.

Ka rubuta waɗannan a wayarka: thit heo a kudu, thit lon a arewa, duk alade ne. Bo sa, ga kaza, ca kifi, tom jatan lande, trung ƙwai. Khong shi ne a'a ko babu. Ka nuna musu a rubuce, kada ka dogara da bakinka, domin harshensu na karin sauti ne fiye ma da namu, kalma ɗaya tana iya tashi da ma'ana da yawa. Sai dai ka sani, ko ka nuna "khong thit heo", mai abinci zai tsame maka yankan naman ne kawai, shi a wurinsa ya gama. Romon da aka dafa da ƙashin alade, da kitsen da aka yi suya da shi, da garin ɗanɗanon da suke kira hat nem wanda da yawansa da ruwan ƙashin alade ake haɗa shi, duk ba ya lissafa su a matsayin nama. Ba mugunta ba ce, bai san dokarka ba ne.

To, duk da wannan, ni ban yarda ka je har Biyetnam ka kulle kanka a ɗaki kana jiƙa gari ba. Akwai Musulmi a ƙasar, 'yan asali, ƙabilar Cham, jikokin tsohuwar daular Champa. Da yawansu suna lardin An Giang, wajen garin Chau Doc kusa da iyakar Kambodiya, wasu kuma sun zauna a Saigon suna sana'ar abinci. A tsakiyar birnin akwai babban masallaci a titin Dong Du, wanda Musulmin Indiya suka gina a 1935, da gidajen abinci na halal a kewayensa. A gefen kasuwar Ben Thanh kuma akwai ɗan gajeren titi, Nguyen An Ninh, da 'yan Malesiya suka mayar kamar nasu saboda sarin hijabi da yadi. Akwai shagunan abincin Musulmi da yawa a cikinsa. Ranar da ka sauka, can za ka fara nufa. Shawarata kuma, kada ka zauna ka ce a kawo maka shinkafar Malesiya ko biriyani don su ka sani. Ka ce a kawo pho.

Pho, ana furta shi kusan "fa", shi ne abincin da ya sa nake ɗokin tafiyar. Faffaɗar taliyar shinkafa ce a cikin romon ƙashin sa, amma duk aikin a romon yake. Sai an fara tafasa ƙashin a zubar da ruwan farko, a wanke shi, sannan a mayar a wuta ƙasa-ƙasa na sa'o'i masu yawa, wasu kwana suke yi a kai, ana kwashe kumfa don kada ya yi duhu. Ana gasa citta da albasa a kan wuta har bayansu ya ƙone kafin a jefa, da kirfa da kanumfari da wani kayan ƙamshi mai siffar tauraro. Romon da ya yi kyau za ka hango gindin kwano ta cikinsa, amma idan ka kurɓa sai ka ji nauyin ɓargo. Mu da muka saba da farfesu mai kauri da yaji, kallon farko za ka raina shi, ka ce ruwa ne tsululu. Ka kurɓa tukuna kafin ka zuba komai a ciki, haka masu abin suke yi.

Naman iri biyu ne. Tai shi ne ɗanyen nama da aka yanka siriri kamar takarda, a shimfiɗa a kan taliya, zafin romon ne yake dafa shi a gabanka. Chin shi ne wanda ya dahu tun a tukunya. Ka fara da chin har cikinka ya saba. A Saigon za a kawo maka faranti guda na ganye a gefe, da tsiron wake da lemon tsami da yankakken barkono, ka tsinka ganyen da hannu ka zuba. Barkonon nan ƙanana ne amma ba su da mutunci, yanka biyu sun isa. A Hanoi kuwa ba ruwansu da tarkacen ganye, albasa mai lawashi ce kawai, suna kuma ganin mutanen kudu sun ɓata abin da sukari da miya kala-kala. Suna da bakin magana, domin a arewa aka faro shi, wajen Nam Dinh da Hanoi, a farkon ƙarni na 20. Bai bazu a kudu sosai ba sai bayan 1954, da aka raba ƙasar biyu, mutane kusan miliyan guda suka yi ƙaura daga arewa zuwa kudu da tukwanensu. Ni dai na Hanoi ya fi kwanta mini, amma samun na halal a can ya fi wuya. Masallaci guda ne a birnin, Al-Noor a titin Hang Luoc, daga nan za ka tambaya a nuna maka.

Pho abincin safe ne a wurinsu, tun asuba ake layi. Kwano a bakin titi yana kamawa daga dong 40,000 zuwa 70,000 (dong shi ne kuɗinsu), na shagon halal ya ɗan ɗara haka, dala ɗaya kuma tana kai dong 25,000 ko sama kaɗan. Ka kula da takardar 20,000 da ta 500,000, duk shuɗaye ne, da dare suna rikita baƙo. Na bakin titi dai ba naka ba ne ko da na sa ne ko na kaza, saboda maganar yanka, ga kuma wasu masu sayarwa da ke ƙara ƙashin alade don romo ya yi zaƙi da araha.

Wani abu da za ka fara ji da hanci tun kafin ka gan shi shi ne nuoc mam, ruwan kifi. Ƙananan kifaye ake jerawa da gishiri a manyan gangunan katako, a bar su kusan shekara, sannan a tace ruwan da ya fito, ja-ja kamar shayi. Na tsibirin Phu Quoc da na Phan Thiet su suka fi suna. Shi ne gishirinsu, shi ne maginsu, kusan babu abincin da ba ya shiga. Ɗanyensa yana da wari, ba ƙarya, amma wanda ya tashi da daddawa ba shi da bakin raina warin abin miyar wani. Idan aka haɗa shi da lemon tsami da sukari da tafarnuwa da barkono ya zama ruwan dangwale, za ka nemi ƙari. Kifi ne da gishiri, babu abin ƙi a ciki.

Idan aikin kashun ya fitar da kai daga birni zuwa masana'antun da ke wajen Binh Phuoc da Dong Nai, inda ake fasa ɗanyen kashun da ake kwasowa daga Najeriya da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma, ba za ka ga shagon halal ba. A nan sai ka nemi allon da aka rubuta com chay ko quan chay. Abincin mabiya addinin Buddha ne masu ƙaurace wa nama, babu nama babu kifi, an fi cika shagunan ranar 1 da 15 ga watan gargajiyarsu. Shinkafa ce da ganyaye da laimar kwaɗi irin wadda ake ci, da awara soyayya da dafaffiya iri-iri. Za ka ga abu kamar cinyar kaza ko tsire, kada gabanka ya faɗi, da waken suya aka yi shi. Yana da araha ƙwarai, kuma shi ya fi kwantar mini da hankali a ƙauye.

Kifi ma hanya ce, amma da sa ido. Akwai miyar mutanen kogin Mekong, canh chua, ta kifi irin tarwaɗa da tsamiya da kuɓewa da tumatir da abarba. Tsami da zaƙi a haɗe, ana ci da farar shinkafa, a zafin Saigon babu kamarta. 'Yar'uwarta ca kho to, kifin da ake dafawa a tukunyar ƙasa da ƙonannen sukari, ita kam sau da yawa da kitsen alade ake gyara ta, sai a gidan Musulmi. A wurin masu gashin kayan teku kuma abu biyu za ka hana: man albasar da suke zubawa a kai, don yakan zo da soyayyen kitse, da turarawa da giya, wanda suke rubutawa hap bia. Ka ce a gasa da gishiri da barkono kawai.

In Allah ya sa ka samu hutun kwana biyu, ka hau mota zuwa Chau Doc, tafiyar kamar awa shida ce. Ƙauyukan Cham suna tsallaken kogi, gidaje a kan dogayen turaku, mata da lulluɓi, ana kiran salla kana ji. A can suke yin tung lo mo, naman sa da ake niƙawa da kayan yaji da ɗan dafaffiyar shinkafa, a ɗura a hanji, a shanya a rana ya ɗan yi tsami, sannan a gasa a kan gawayi. Nan ne kaɗai a duk ƙasar nake cin nama ba tare da na yi wa kowa tambaya ba.

Abin sha ba shi da wata matsala. Ruwan rake ana matse shi a gabanka da ɗan ƙaramin lemo, ga ruwan kwakwa ko'ina. Ruwan famfo ne ba a sha, ka sayi na gora. Kofi kuwa, bayan Birazil babu ƙasar da ta kai su nomansa, kuma nasu mai ƙarfi ne. Ana ɗora ɗan gwangwanin tacewa a bakin kofi yana ɗiga a hankali a kan madara mai kauri, a juya a zuba a ƙanƙara, sunansa ca phe sua da. Kada ka sha bayan la'asar in kana son barci. Abokan cinikinka za su kai ka cin abincin dare, tabbas kuma za a kawo giya ana ta haɗa kofuna ana ihu. Ka faɗa musu tun kafin a zauna cewa addininka ya hana, ka riƙe lemonka ka miƙa shi in an miƙa, ba sa jin haushi.

Ba ka faɗi watan tafiyar ba. Idan ta faɗo a bikin sabuwar shekararsu, Tet, wanda yake zuwa tsakanin ƙarshen Janairu da tsakiyar Fabrairu, ka roƙi maigidanka ya ɗaga, domin masana'antu da kasuwanni da yawancin shagunan abinci rufewa suke yi na kwanaki, kowa ya tafi garinsu. In kuma ba yadda za a yi, to a nan ne garin kwakin zai yi maka rana, ka haɗa da ƙuli-ƙuli da ɗan yajinka. Allah ya kai ka lafiya, ya sa a yi ciniki mai albarka.