Shafin VACUUM da na dawo maka da shi

Ɗana, ka tambaye ni me ya sa na dawo maka da shafin VACUUM, umarnin nan na tsaftace teburin bayanai a manhajar adana bayanai ta PostgreSQL, alhali ka rage shi da rabi, ka kuma kakkaɓe alamomin tsara rubutu da suka cika shi. Rage tsawon ya yi kyau, ban da ja a kansa. Abin da ya dame ni jimla ɗaya ce.

Ka rubuta cewa VACUUM yana share shara ya ba ka wuri a faifai. Da daɗin ji, amma ba haka PostgreSQL yake aiki ba. VACUUM zalla yana tattara gurbin layukan da suka mutu ne, wato waɗanda aka goge ko aka sabunta, ya ajiye wa teburin nan don ya sake amfani da shi, yawanci ba ya mayar wa kwamfuta komai. VACUUM FULL ne yake sake rubuta teburin gaba ɗaya. Shi kuwa kulle teburin yake yi har ya gama, ba mai karantawa ba mai rubutawa, kuma sai da ƙarin wuri don sabon kwafin. Ka tuna wanda zai buɗe shafin nan: ƙarfe biyu na dare, faifansa ya kusa cika, wayarsa na ta ƙara. Duk abin da ka rubuta shi zai yi, ido rufe. Tsohuwar jimlar da ka sauya tana da nauyi, amma gaskiya ta faɗa masa. Ka raba ta gida uku in ka so, sharaɗin kullewar dai ya zauna.

Batun alamomi kuma, ka yi daidai da ka cire waɗanda aka cusa ɗaya cikin ɗaya ba dalili. Amma ta <command> ka maido ta, ita ce take nuna wa mai karatu abin da zai buga da hannunsa. Su kansu masu PostgreSQL da DocBook, wani tsarin sa wa rubutu alamomi, suke rubuta jagorarsu. Da can SGML ne, mutum ya rufe alama da </> kawai ya wuce. Daga fitowa ta 11 a 2018 suka koma XML, kowace alama sai an rufe ta da sunanta. Rubutun ya ƙaru, amma mai gyara yana ganin inda komai ya fara da inda ya ƙare.

Je ka gyara, ka gwada umarnin biyu a teburin gwaji ka duba girmansa kafin da bayan. In an yi la'asar ka zo ka karanta mini shi da baki.