An Sauya Mini Sashe a Gidan Waya

Tambaya: Malam, ina aikin rarraba wasiƙu a Amurka. An rage ma'aikata a sashenmu, aka tura ni wani, alhali akwai waɗanda na riga shiga. Me zan yi?

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka ƙi zuwa, domin ƙin bin umarni laifi ne daban. Idan kana ƙarƙashin APWU, ƙungiyar ƙwadago ta ma'aikatan gidan waya a Amurka, sashe na 12 na yarjejeniyarta da hukumar gidan waya ya tanadi a fara ɗauke waɗanda suka shigo aiki daga baya. Nemi wakilin ƙungiya yau, ku duba jerin daɗewa a aiki. Kwana 14 kacal gare ku ku shigar da ƙorafi gaban shugabanka, kuma a nan mutane da yawa ke faɗuwa. Idan ya ƙi, ƙungiya na da kwana 10 ta ɗaukaka ƙorafin zuwa mataki na gaba. Rubuta buƙatar komawa tsohon gurbinka, ka riƙe kwafi.