Muryar Hajiya Ma'aji kan maganar bingo (an rubuta don waɗanda ba su saurara ba)

Assalamu alaikum iyaye, barkanmu da warhaka. Malam Sakatare, na ji shawararka ta a yi daren bingo, a sayar da kati a tara kuɗin littattafan yara. Niyya ta yi kyau, Allah ya saka, amma don Allah a ɗan dakata.

Yadda ake yinsa a Amurka, mutum zai sayi kati mai gida 25, ana ciro lamba daga 1 zuwa 75 ana kira, wanda layinsa ya fara cika ya ɗauke kyauta. To ka zuba kuɗi, sa'a ta zaɓi mai ci, saura su tashi a tutar babu. Malam, wannan ai caca ce. Ko Hisbah ba ta leƙo ba, kafin mu naɗe tabarmi magana ta kai masallacin unguwa.

Ni a ganina a raba wasan da kuɗin. Wasa kyauta ne, ba mai biyan ko sisi. A yanka kwalin Indomie, a ja layi biyar tsaye biyar kwance, maimakon lamba a rubuta kalmomi: rijiya, makaranta, ƙofa, ɓera. 'Yan aji uku zuwa sama a haɗa musu da na Turanci. Malama ta kira kalma, yaro ya lalubo ta da kansa ya ɗora murfin lemo, uwa na gefe amma ba ta nuna masa ba, ehe, don na san halinmu. Wanda ya cika layi sai ya miƙe ya karanto duk biyar ɗin da ƙarfi kafin a ba shi fensir. Ga karatu ga dariya.

Kuɗi kuma a neme shi a fili. A je Sabon Gari a jiyo farashi, a rubuta jerin littattafan a allo, kowane gida ya ɗauki nauyin abin da zai iya, a sa sunan gidan a cikin bangon littafin. Mu mata mu kawo zoɓo da awara a sayar. Masu tiransifa su tura asusun kwamiti, kada ya bi ta asusun kowa, har ni, kuma a karanta lissafi kafin a watse.

Dare kuwa a cire shi, wa zai bar mu waje bayan Isha da goyo? Alhamis bayan La'asar ta fi, tunda yawancin Islamiyyu ba karatu ranar, Magariba ta same mu a gida. In ana son a haɗa da wata rana, 23 ga Afrilu ce ranar littafi ta duniya, sai dai ku san zafin Kano a lokacin, dole a ɗauko rumfa.

Mai kwali a gida ya aiko da shi ofishin hedimasta. Sai na ji daga gare ku.