Dila ya ce in jira binciken gwamnati a kan zafin babur ɗina: in jira?

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. A New York nake zaune. Wata 19 ke nan da na sayi sabon babur mai ƙafa uku, irin mai taya biyu a gaba ɗaya a baya, yanzu ya ci mil 11,000. Da na shiga cunkoso sai zafi ya taso mini ta gefen dama, har da warin fetur. Kwanaki ƙaurina har bororo ya yi ta cikin wando. Sau uku ina kai wa dila. A zuwan ƙarshe ko taɓa shi bai yi ba, ya ce gwamnati na bincike a kan samfurin, in koma gida in saurara. Abokaina sun naɗe salansa sun huda murfin gefe, suna cewa ni ma in yi. Ina mafita?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara sauƙi. Kada ka jira. Binciken nan na hukuma ne, ba ƙararka ba ce, kuma ko kwana ɗaya bai tsayar maka ba daga wa'adin da doka ta ɗiba maka.

Hukumar NHTSA mai kula da lafiyar ababen hawa a Amurka abu ɗaya take son sani: shin samfurin gaba ɗaya na da aibin da ke barazana ga rai? Takan fara da binciken share fage, ta nemi bayanai wurin kamfani, in ta ji ƙamshin gaskiya sai ta ɗaga shi zuwa binciken injiniyoyi. Ana iya cinye shekara ko fiye, ana kuma iya rufe fayil ba a kama kowa da laifi ba. In aka kai ga kiran baburan, wato a umarci masu su su mayar da su saboda aibin, dokar tarayya kan lafiyar ababen hawa ta ɗora wa kamfani ya gyara kyauta, ko ya canza, ko ya mayar da kuɗi bayan ya cire na tsufa. Sai dai shi ke zaɓa, kuma kusan kullum gyara yake zaɓa. Daga ranar da ya tabbatar da aibin, kwanakin aiki 5 gare shi ya sanar da hukuma, sannan cikin kwana 60 ya aiko muku da wasiƙa. Iyakarta ke nan. Babu diyyar ƙuna a ciki, babu kuɗin asibiti.

Makaminka na gaskiya yana jiharku, wato dokar da suke kira Lemon Law, mai kare wanda ya sayi sabon abin hawa mai aibi, wadda a New York ta haɗa har da babura. Tana aiki ne cikin shekara 2 daga ranar da aka damƙa maka babur, ko mil 18,000, duk wanda ya riga cika. In a cikin wannan lokaci aka yi gyaran matsala ɗaya sau 4 ba ta kau ba, ko babur ya yi jimillar kwana 30 a wurin gyara, doka na ɗauka cewa an ba kamfani isasshiyar dama. Daga nan kai ke zaɓa, ba shi ba: sabo ko kuɗinka.

To yi lissafi. Wata 5 ya rage maka. Kai kana ƙirga zuwa uku, ni kuwa biyu nake gani, domin zuwan da aka sallame ka da fatar baki da wuya ya bar takarda. Ban ce dilan mugunta ya shirya maka ba, wataƙila shi ma kamfani bai faɗa masa maganin abin ba. Amma kowane wata da ka yi kana jiran gawon shanu, kamfani ne ke cin riba.

Kuma ƙin taɓa babur ɗin da ya yi, ba da saninsa ba ya buɗe maka ƙofa. Dokar ta ce in dila ya ƙi fara gyara cikin kwana 7 da sanar da shi, kana iya rubuta wa kamfani kai tsaye, ta wasiƙar rajista mai dawo da shaidar karɓa. Kamfani na da kwana 20 ya fara gyara. In bai fara ba, ka sami damar neman sabo ko kuɗinka, ba sai an cika gyara huɗu ba.

Duk ranar da ka koma, tsaya a kan takardar karɓar aiki kafin ka sa hannu. Ma'aikacin kanta zai so ya rubuta "a duba inji" ya wuce. Ka ce a'a, a sa yadda ka faɗa: zafi na ƙona ƙafar dama, ana jin warin fetur bayan tsayuwa a cunkoso. Duba ranar shiga, ranar fita da adadin mil. Ko da sun rubuta a ƙasa cewa ba su ga matsala ba, karɓi kwafinka ka adana. Ta nuna ka kawo ƙorafi a kan lokaci.

Shawarar abokanka kuwa, ka bar su da ita. Dokar Magnuson-Moss ta 1975 ta hana kamfani soke garanti don kawai ka sa kayan wani kamfani, gaskiya ne. Amma ita Lemon Law ta ba shi damar kare kansa da cewa sauyin da ka yi ba da izini ba ne ya jawo matsalar. Ranar da ka huda murfin nan, ka miƙa wa lauyoyinsu sandar dukanka. Balle ƙyallen naɗe salansa kan tsotsi mai in akwai yoyo.

Maganar ƙuna daban take. A New York shekara 3 gare ka daga ranar rauni ka shigar da ƙarar diyya, kuma inshorar da ke biya wa masu mota kuɗin asibiti ba tare da duba mai laifi ba, ba ta rufe mahaya babur. Zan faɗa maka gaskiya: bororo ɗaya da ya warke bai kai a ɗauki hayar injiniya a ja da kamfani a kansa ba. Amfaninsa shaida ce, don haka hoton ciwon da takardar likita su shiga fayil. Abin da ya fi damuna shi ne gaba. Ka riga ka san babur na warin fetur in ya yi zafi. In ka ci gaba da hawa wani abu ya faru, Allah ya kiyaye, kotu za ta rage diyyarka gwargwadon sakacin da ta ɗora maka. Ajiye shi, kuma a fili, ba a garejin da ke manne da gida ba. Duba ko inshorarka ta haɗa da gobara. In har ya kama da wuta, kada ka yarda a kwashe ƙarafan zuwa bola kafin masani ya duba su.

Hukumar ma kada ka ƙyale ta. Shigar da ƙorafinka a shafinta na intanet da lambar VIN, wato lambar shaidar babur mai alamomi 17, domin irin waɗannan ƙorafe-ƙorafe ne ke ɗaga bincike daga mataki zuwa mataki. Tabbatar adireshin da ke rajistar babur na yanzu ne, can wasiƙar kira za ta je. Rasit ɗin duk gyaran da ka biya da aljihunka ka ajiye, ana iya mayar maka in an yi kiran.

In wasiƙar ƙarar taron dangi, wato wadda aka shigar a madadin duk masu irin babur ɗin, ta zo maka, karanta ranar ficewa kafin ka jefar. Wanda bai fice ba, sulhun da aka yi ya hau kansa. In kuma sayarwa ka yanke, faɗa wa mai saye matsalar a rubuce.

Idan kamfani ya turje, ofishin Antoni Janar na jihar na da tsarin sasanci na wannan doka, ba dole sai da lauya ba, sai dai hukuncinsa na ɗaure ɓangarorin biyu. Ko ka je kotu cikin shekara 4 daga ranar karɓar babur, inda alƙali ke iya sa kamfani ya biya kuɗin lauyanka in ka yi nasara. Kafin ka zaɓi ɗaya, kai wa lauyan jihar takardar ciniki da ta garanti ya karanta. Amma takardar sanar da dila matsalar ba ta jiran wannan: aika ta cikin makon nan, ka fara ƙirga kwana 7.