Sayen mota ta hannu a Jamus: baƙo zai iya yi mata rajista da sunansa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Wata huɗu ke nan da zuwana Hamburg aiki daga Nijar. Na ga wata Golf ta hannu wurin wani mutum, kuɗinta ya yi mini. Ko hukuma za ta yarda in sa ta da sunana, tunda ba ɗan ƙasa ba ne ni?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Za ta yarda. Ofishin rajistar motoci, wanda suke kira Zulassungsstelle, ba ruwansa da ƙasar da ka fito. Abin da yake nema adireshi ne a Jamus, da inshora, da asusun banki. Inda baƙi suka fi ƙonewa tun wajen ciniki ne.

Kowace mota a can takarda biyu gare ta. Akwai ƙarama, Teil I, wadda direba ke yawo da ita, akwai kuma babba, Teil II, wadda ake ajiyewa a gida. Kada ka miƙa ko sisi sai ka riƙe babbar a hannunka, ta ainihi, ba hoto ba. In mai motar ya ce ta ɓata, ko zai aiko maka daga baya, ka yi masa sallama. Sau da yawa banki ne ke riƙe da ita saboda ba a gama biyan bashin motar ba. Sannan ka gwada lambar shasi, mai haruffa da lambobi 17, da wadda ke jikin motar. Ka kuma duba sunan da ke takarda da na katin shaidarsa. In sun saɓa, ya kawo takardar wakilci.

Sai gwajin lafiyar mota da aka fi sani da TÜV, wanda ake yi duk shekara biyu. Tambarinsa na manne a lambar baya, amma ka nemi rahoton kansa, domin ba a rajista in gwajin ya ƙare. Rahoton yana da wani amfani: ana rubuta kilomita a ciki. In rahoton bara ya nuna 180,000, yau kuma mita tana nuna 140,000, an taɓa ta. Ka leƙa ƙarƙashin motar, gishirin da ake zubawa a titi lokacin ƙanƙara yana cin ƙarfe sosai.

A ganina baƙo ya fi tsira wurin dillali mai shago ko da ya ɗan fi tsada, don doka ta ɗora masa alhakin aibin da motar ta zo da shi, aƙalla na shekara guda. Mutum da ke sayar da tasa yana iya cire kansa daga wannan a yarjejeniya. Wasu dillalan ma sukan rubuta cewa a madadin wani suke sayarwa, don su zame. Ka karanta kafin ka sa hannu, kuma a rubuta rana da ƙarfe nawa aka miƙa maka makulli.

Ranar rajista ka tafi da fasfo, takardar izinin zama, sabuwar shaidar adireshi, takardun motar biyu, rahoton gwaji, da lambar eVB mai haruffa da lambobi 7 da kamfanin inshora zai ba ka. Za ka kuma sa hannu a izinin cire harajin mota daga asusunka, wanda hukumar kwastan ke karɓa. In mai motar ya riga ya soke rajistarsa, kada ka tuƙa ta da tsohuwar lamba. Ka nemi lambar wucin gadi ta kwana 5, domin tuƙi ba inshora laifi ne da ke kai mutum kotu. Inshorar ma za ta yi maka tsada da farko, tunda ba su san tarihin tuƙinka ba.

Abin da ba ka tambaya ba, kuma ya fi gaggawa: lasisin Nijar wata shida kawai yake aiki daga ranar da ka zauna a Jamus. Saura maka wata biyu. Canza shi sai ka ci jarrabawar rubutu da ta titi, kuma layi na da tsawo, don haka ka je makarantar tuƙi tun wannan makon.